Wanda Ya Amsa Mini Daga Allo na Biyu

Jama'a, ni ba mai yawan ba da labari ba ne, wannan ma da zan ba ku na daɗe ina riƙe da shi a ciki, ko matata sai da muka yi shekara tara tare kafin ta ji shi daga bakina. Wallahi tallahi ba ƙirƙira ba ce, ba kuma a wurin wani na ji ba, ni ɗin nan abin ya faru da ni. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ce zafi ne ya taɓa mini kai, an taɓa faɗa mini haka.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ni ɗan Madawa ne, da fari gyaran rediyo da talabijin nake yi, daga baya aka tura ni Yamai na koyo aikin ordinatar, wato kwamfuta kamar yadda 'yan Najeriya ke ce mata. Lokacin nan a duk yankinmu, daga Madawa har Buza har Keita, masu iya buɗe cikin wannan na'ura ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya hau mini kai. Ina tafiya ina ɗaga kafaɗa, ga jakar disket a hannu, ga takalmin fata baƙi da na sayo a Yamai ina goge shi safe da yamma.

To akwai wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke aikin jera duwatsu don tare ruwa da dasa itatuwa a kan fako, ba zan faɗi sunansa ba. Suna da biro, wato ofis, a bayan Tamaske, can bisa wani tudu, tafiyar kamar rabin awa a ƙafa daga gari, babu gida ko ɗaya kusa da su. Ordinatar ɗinsu ba a cikin gini take ba, a cikin kontena take, irin akwatin ƙarfen nan da manyan motoci ke ɗaukowa daga bakin teku. An liƙe cikinsa da soso da katako saboda sanyin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kar ya fita, babu taga ko ta shaƙar iska, ƙofa ɗaya ce tak, ita ma da sandar ƙarfe da kwaɗo ake rufe ta daga waje. In kana ciki aka ja ƙofar, ko ganga ake bugawa a waje sai dai ka ji ta can ƙasa-ƙasa.

Aikin da aka kira ni in yi shi ne wannan. Sun sayo allo na biyu da abin buga rubutunsa, sun ajiye a biron sakatariyarsu, Madam Rakiya, don ta riƙa shigar da awon ruwan sama da zurfin rijiyoyi daga inda take, ba sai ta ratso rana zuwa kontena ba. An riga an binne waya a ƙasa tsakanin wuraren biyu, kamar taki ɗari. Sai dai ita na'urar ba ta san da zaman wannan allo ba. Ku da kuka taso yanzu, kuna soka abu ya kama aiki nan take, ba za ku gane wahalar ba. A can cikin na'urar akwai abin da Faransawa ke ce wa nwayo, mu muna ce masa zuciya, shi ne ke magana da kowane ƙarfe da ke jikinta, abin da bai sani ba kuwa ko ka soka shi sau ɗari kamar babu shi. Kafin ya san sabon abu sai ka ƙara masa wani ɗan yanki, modil muke ce masa, kuma ba a ƙara shi haka kawai, sai an warware zuciyar an sake haɗa ta gaba ɗaya, kamar tela da zai ƙara wa riga aljihu sai ya farke gefe ya sake ɗinki. Na'urar za ta jera maka tambayoyi, kana son kaza, i ko a'a, wace lamba za ka ba shi, ka amsa duka, sannan ta yi kamar minti goma sha biyu tana ɗinkin, sannan ka kashe ta ka tada ta da sabuwar zuciyar. In ka kuskure lamba ɗaya ba za ta tashi ba.

Ranar Juma'a na iso da safe, tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son taka dutse. Shugaban wurin, Mushe Shaibu, wato Malam Shaibu a Faransance, ya tarbe ni, ya nuna mini kat, ɗan farantin lantarkin da zan soka a cikin na'urar don ya haɗa ta da sabon allon, ya ce shi zai wuce Keita taro da motar sai gobe, in na gama in sauka gari in yi Juma'a, an gyara mini ɗaki. Kafin ya tafi ya gaya mini dokar wurin, ba a shiga kontena da takalmi saboda ƙasa, kowa a bakin ƙofa yake tuɓewa, har shi kansa.

Ga kuma mai gadi, Baba Illa, tsohon soja ne, dogo, siriri, mai ladabi ƙwarai, amma kunnensa ya tafi tun yana soja, sai ka tsaya gabansa ka ɗaga murya yana kallon bakinka. Shi ke riƙe da mabuɗin kontena. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya ga ya kamata ya gaya mini don su duk sun saba, shi ne tunda tsohon ba ya jin amsa in ya yi sallama, ba ya kuma yarda ya leƙa ciki don an ce masa buɗe ƙofa na ɓata sanyi, to takalmi yake dubawa. In ya ga takalmi a bakin ƙofa akwai mutum, in bai gani ba babu kowa, sai ya kulle. Shekara da shekaru haka suke yi, ba a taɓa samun matsala ba.

Ni kuwa gwanin iyayi, na tuɓe takalmina na dube shi, na dubi ranar nan, na ce haba, fatar Yamai a bar ta cikin wannan wuta ta tsage? Sai na kaɗe shi na sa cikin leda na shiga da shi, na tura ƙarƙashin tebur. Butar da na cika don alwala ita ce na bari a waje, can gefen inuwa.

Na buɗe na'urar na soka kat, na mayar da murfi, na tada ta, na fara bin tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ina shan sanyin kilim ina jin daɗina. Wajen sha biyu sai na ji gurup ɗin da ke ba da wuta ya yi tari ya mutu, kilim ya tsaya, fitila ta ɗauke, sai hasken allo kore kawai, don na'urar tana da akwatin batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci, ya kama kuka ƙit, ƙit. Ashe duk Juma'a da sha biyu makanikin wurin ke kashe gurup ya tafi gida, shi ma ba a gaya mini ba. Na ce to bari in ɗan jira, ƙila man gazuwal za su ƙara masa. Ina nan zaune sai na ji ƙarar ƙarfe a jikin ƙofa, garau, sannan ƙaras.

Kai! Ban san lokacin da na tashi ba, kujera ta faɗi, na kai wa ƙofar duka da hannu biyu ina ihu, Baba! Baba Illa! Akwai mutum! Ina, wa zai ji. Daga baya ya gaya mini yana rufewa ya hau kekensa ya gangara gari, don yana son ya sami sahun gaba, kuma a shirinsa daga masallaci gidan 'yarsa zai wuce sai bayan la'asar sakaliya.

Abu na farko mai hankali da na yi shi ne na kashe na'urar da akwatin batir ɗin, na ce kar ya ƙare a banza, sai duhu ya rufe ni, duhun da ko tafin hannunka ba ka gani. Na lalubi kujerar ƙarfen na dinga maka ta a ƙofa, in buga in saurara, in buga in saurara, babu komai sai numfashina. Na laluba inda kilim yake ko zan iya turo shi waje, ashe an yi masa keji na ƙarfe an walda. Na ɓalle katako ɗaya da sukurdireba, na yage soson, hannuna ya kai ga ƙarfen kontenar, wallahi sai da na yi ƙara, kamar na dafa tukunya a kan murhu. Nan na gane na yi wauta, don soson nan shi ke kare ni, na yi ta ƙoƙarin mayar da shi a cikin duhu.

Sanyin kilim bai yi rabin awa ba ya gudu. Na cire riga, na cire singileti, gumi na zuba har ina jin ɗigarsa a ƙasa, ga butata cike da ruwa taki uku daga inda nake, ƙarfe ya raba mu. Ni ɗan ƙasar nan ne, na san abin da rana ke yi wa wanda aka rufe cikin ƙarfe, na taɓa ganin tumaki da aka manta a bayan mota rufaffiya. Na lissafa, na ce in tsohon nan sai yamma zai dawo, to gawa zai buɗe. Na tuna mahaifiyata a Madawa, ko sallama ban yi mata ba da zan taho don na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na ji tsoro, jama'a, tsoro na gaske, har na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Cikin kukan ne tunanin allo na biyu ya faɗo mini. Da safe na ji Madam Rakiya na cewa tana da rahoto da za ta gama bugawa, mata kuwa ba dole ne su je Juma'a ba, na ce ƙila tana nan a bironta, bugun ƙofata ne ba ya kai mata. In na samu zuciyar nan ta haɗu, modil ɗin ya shiga, zan iya aika rubutu ya fito a allon da ke gabanta, har in sa shi ya yi ta ƙara sai ta waiwaya. Batir ɗin in ya yi kirki zai ba ni minti arba'in, ɗinki ɗaya minti goma sha biyu ne, ban da tashi da tambayoyi. Ke nan dama biyu gare ni, ta uku babu.

Na yi bisimilla na kunna. Hasken koren nan da ya dawo, ban taɓa son wani haske kamarsa ba. Na fara amsa tambayoyi, yatsuna na santsi a kan maɓallai, gumi na shiga ido. Na'urar ta tambaye ni ko in ƙara modil na sabon kat, na ce i. Ta tambayi lambar da kat ɗin zai riƙa kiran zuciya da ita, takardar da ke ɗauke da lambar tana cikin kwali a biron shugaba, sai na buga wadda na saba gani. Ta kama ɗinki, layuka na hawa, akwatin batir na ƙit, ƙit, ni kuma ina tsaye ina fifita bayan na'urar da wani littafi, don ita ma zafi na kashe ta, ban ma yi ta kaina ba. Da ta gama na kashe na tada. Ta fara tashi, ta kai rabi, sai ta watso wasu lambobi ta tsaya cik.

Innalillahi. Na dafe kai. Allah Ya taimake ni ban taɓa haɗa sabuwar zuciya ban ajiye tsohuwar a gefe da wani suna ba, da ita na sake tada na'urar, na duba na ga lambar da na ba kat ɗin ta riga ta zama ta injin buga takarda, su biyu suna kira da murya ɗaya. Lokacin nan kaina ya fara sarawa, harshena ya yi kauri, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, gumin ya fara tsayawa. Na sake bin tambayoyin daga farko, na cire injin buga takardar gaba ɗaya don kar a sake faɗa, na bar wa kat ɗin lambar shi kaɗai. Minti goma sha biyun nan na biyu, ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Kukan batir ya fara sauri. Na kwanta a ƙasa don nan ne ya fi dama-dama, ina kallon allo daga ƙasa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma rabi nake yi in manta sauran.

Ta gama. Na ja jiki na kashe, na tada. Ta wuce inda ta tsaya ɗazu, ta ambaci sunan sabon kat ɗin a cikin jerin abin da ta sani, ta tashi lafiya lau. Na buɗe hanya tsakanin allona da wancan yadda abin da aka buga can zai fito nan, na aika ƙara ya fi sau ashirin, na rubuta da Faransanci, na sake rubutawa da Hausa da manyan baƙaƙe, Madam Rakiya, ni ne mai gyara, an kulle ni cikin kontena, ki taimake ni don Allah zan mutu.

Shiru. Na sake aikawa. Shiru. Har na sunkuyar da kai, sai na ga harafi ya fito, ɗaya, sannan wani, a hankali kamar mai koyon bugawa.

"wa ke nan"

Wayyo, daɗi kamar in rungumi allon. Na buga da sauri, Madam ni ne, ki nemo Baba Illa, ko ki samo guduma ki fasa kwaɗon. Amsar ta ɗauki lokaci, ta zo da Hausarmu ta Adar, irin ta tsofaffin ƙauye, ba irin ta Madam Rakiya da rabin maganarta Faransanci ne ba.

"ba Rakiya ba ta. kai ka buɗe ƙohwa?"

Na ce wace ƙofa, ƙofa a kulle take, ni ne a ciki. Aka ce mini ba waccan ba, wagga da ka buɗe yanzu. Sannan aka ci gaba, ba zan iya kawo muku kalma da kalma ba amma abin da aka ce ke nan, wai tun da anka kawo akwatin ga yake ciki, yana magana ba mai jin shi, bai san kwana nawa ba, ya daina ƙirga. Sai kuma aka rubuta, "zahi gare shi ko. na sani."

A daidai nan ne wani abu ya faɗo mini a rai wanda da ina cikin hayyacina da tun farko zan tuna. Gurup a kashe yake. Akwatin batir ɗin nan na'urar da ke gabana kaɗai yake riƙe. Biron Madam Rakiya babu wuta ko ta kunna ƙwan fitila ɗaya, allon da ke can ba zai iya kunnuwa ba balle a buga wani abu a kansa. Duk wahalar nan da na sha, na haɗa zuciya sau biyu don in yi magana da mataccen allo ne.

Jama'a, a cikin zafin nan da ke dafa mutum, sai da na ji sanyi ya bi bayana. Na waiga, duhu ne kawai, hasken allo bai kai ƙarshen kontenar ba, kuma ban da ƙarfin zuciyar da zan je in laluba. Na so in kashe na'urar, hannuna har ya kai, sai rubutu ya sake fitowa.

"in na kira maka tsoho mi za ka yi mini"

Ku gaya mini, ku da kuke zaune cikin inuwa kuna karanta wannan, me za ku ce? Ni dai na buga, duk abin da kake so. Aka ce ba a son komai nawa, abu ɗaya ne, "kak ka ruhe wagga ƙohwa. ka bar ta buɗe." Na ce na yarda. Aka ce in ce wallahi. Na buga wallahi, harafi bakwai, da yatsa ɗaya, don sauran sun daina bin umarnina. Ina bugawa akwatin batir ya ja wani dogon kuka, allon ya tsuke ya zama ɗigo, duhu ya dawo.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi sosai ba. Na san na kwanta na manna kumatuna a ƙasa kusa da ƙofa ina neman iska ta ƙarƙashi, babu. Na san na yi kalmar shahada. Sai kawai na ji haske ya sare mini ido, ana jan ƙafata, ana kwara mini ruwa, ruwan butar nan tawa da ya yi ɗumi. Baba Illa ne, babu hula, rigarsa ta Juma'a ta jiƙe sharkaf, yana kuka yana cewa ɗana, ɗana, ka yahe mini, ban ga takalmi ba.

Sai da ya ja ni inuwar biro, ya ɗebo ruwa a randa ya yi ta ba ni kaɗan-kaɗan, na dawo daidai, sannan na yi masa alama da hannu, me ya dawo da kai? Ya ce shi ma bai sani ba. Wai liman na sallame salla, bai ko shafa addu'a ba, sai ya ji an yi magana cikin kunnensa na hagu, kunnen da ko tsawa bai ji da shi ba tun yana saurayi, a hankali, tsaf, kamar mutum ya jingina da kafaɗarsa, an ce Illa, ka kulle mutum. Ya waiga, wani Bafillace ne a gefensa ya ɗaga hannu yana addu'arsa, bai ma san da shi ba. Aka sake faɗa. Ya ce ko takalmansa bai tsaya nema ba, ya hau keke, sarƙa ta zame a gindin tudu, ya yar da keken ya hawo da gudu. Na dubi agogona, uku saura. Na roƙe shi ya kai ni tagar biron Madam Rakiya, muka leƙa, ƙofa a kulle, allon na nan an lulluɓe shi da zane, ita kuwa ashe tun sha ɗaya ta bi motar shugaba ta sauka gari.

Da a nan labarin ya ƙare da na ba da shi tun tuni, ina dariya ma. Abin da na yi washegari shi ne ya hana ni.

Da safe Mushe Shaibu ya dawo, ya yi ta ba ni haƙuri, ya yi wa tsoho faɗa har sai da na shiga tsakani, sannan ya ce tunda na ji sauƙi a gwada aikin. Aka tada gurup. Na sa aka tokare ƙofar kontena da dutse, na ce Baba Illa ya zauna a bakinta inda zan riƙa ganinsa. Na kunna, na'ura ta tashi, allo na biyu ya kama, Madam Rakiya ta buga sunanta can ya fito nan, kowa na murna, har ta taso ta zo bakin kontena ita da shugaba suna yi mini barka. Tana tsaye a gabana, ina ganinta da idona, babu kowa a bironta, sai rubutu ya fara fitowa a allona.

"ka hita. na ji daɗi."

Na sa jikina na kare allon. Na dubi matar nan, ga ta da tsohon ciki, na ce gobe ni zan koma Madawa, ita za a bari ita kaɗai da wannan abu kullum, ban san ko mene ne ba, ban san me zai nema gaba ba. Haka na gaya wa kaina, kuma haka na gaya wa malamin da na je wurinsa daga baya. Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa muku, tausayinta kaɗan ne a ciki, tsoro ne ya fi yawa, so nake in rufe in gudu kar abin ya san hanyar gidana.

Sai na yi wa shugaba ƙarya, na ce kat ɗin na da lahani, in aka bar shi zai ƙona na'urar, gara a cire a mayar. Ya ce ni na sani. Suka tafi, na zauna na fara bin tambayoyin nan karo na uku, na mayar da injin buga takarda, da ta zo kan modil na sabon kat, na ce a'a. Ta kama ɗinki. To ku sani, sai an kashe an tada sannan sabuwar zuciya ke karɓar aiki, wato duk minti goma sha biyun nan ƙofar tana buɗe, kuma ana ganin abin da nake yi. A tsakanin layukan da ke hawa sai ga shi.

"mi kake yi"

Na kafa ido a kan Baba Illa yana jan carbi a bakin ƙofa.

"ka ce wallahi"

Aka yi ta rubutu, wani na gani wani na kau da kai, na ga an ce zahi, an sake cewa zahi, na ga an ce ko kaɗan ka bari. Da ɗinkin ya ƙare ta tambaye ni ko in tada ta yanzu, na ɗago don in amsa, abin da ke ƙasan allon shi ne, "ni ban bar ka ciki ba."

Na danna. Ta mutu, ta tashi, tsit, babu komai sai abin da ya kamata. Na zare kat ɗin na mayar cikin ledarsa na miƙa wa shugaba, ko abincin rana ban tsaya ci ba na nemi motar Madawa.

Malamin da na gaya wa ya ce in yi kaffarar rantsuwa, na yi, ya ce in daina tunanin abin, shaiɗan ne ko kuma zafi. To, ƙila. Amma zafi ba ya hawo da tsoho kan tudu ba takalmi. Kuma ko mene ne shi, mutum ne, aljan ne, wani abu ne da ba mu da sunansa, ya ce zai yi abu ya yi, ni na ce zan yi ban yi ba. Ban sake karɓar aiki a wurin nan ba, sun aiko sau biyu na ce ba ni da lafiya. Shekaru bayan furojen ya tashi na bi hanyar Tamaske cikin bazara, na hango kontenar tana nan bisa tudu, fenti ya kaɗe, ƙofa a rufe, rana na dukanta. Abokin tafiyata ya ga na kafa mata ido ya ce lafiya, na ce masa kaina ke ciwo.

Shawarata gare ku, in Allah Ya jarrabce ku da matsi, ku roƙe Shi Shi kaɗai, ku riƙe bakinku, kar ku rantse wa wanda ba ku gani ba, don matsin zai wuce ya bar ku da rantsuwar. Ni awa uku ban cika ba a cikin akwatin nan, kuma har yau in bazara ta yi tsanani ba na iya zama ɗaki a rufe. Shi kuwa ya gaya mini tun a lokacin ya daina ƙirga kwana, kuma ni ne mutum ɗaya da ya taɓa amsa masa.